Littafin da na raba gida biyu saboda Miroslav Klose

Ɗan yayata ne ya jawo min wannan aiki, shi kuma bai ma san ya jawo ba. Muna hirar 'yan wasan gaba ne, kowa na kawo nasa gwanin, da na ambaci Miroslav Klose na Jamus sai ya girgiza kai ya ce, "Haba Kawu, wannan ai ɗan tsintuwa ne. Ƙwallo ce ke zuwa ta same shi a bakin raga ya sa mata ƙafa. Nuna min guda ɗaya da ya yanke mutum uku ya ci." Maganar ta tsaya min a rai, domin na kalli mutumin nan a gasar cin kofin duniya har sau huɗu, na san akwai abin da yake yi wanda ya wuce tsintuwa, amma da aka ce in faɗe shi sai na ga ba ni da komai a hannu sai lamba 16, yawan ƙwallayen da ya ci a gasar. Lambar kuwa yaron ya san ta, ita ce ma yake rainawa. Sai na ce masa ya ba ni lokaci.

Washegari na ɗauko sabon littafin rubutu, na sa rula na ja layi a tsakiyar kowane shafi daga sama har ƙasa. Hagu na ƙungiya, dama na tawagar ƙasa, kowace kakar wasa da shafinta. Tun kafin in fara na gindaya wa kaina sharuɗɗa. Ba zan rubuta lamba da biro ba sai na gan ta a wuri biyu da ba kwafar juna suka yi ba, abin da na gani a wuri ɗaya sai dai fensir. Ƙwallayen lig daban, na kofi daban. Wasan sada zumunta na ƙungiya ba ya cikin lissafi, amma na ƙasa yana ciki, tunda haka hukumomin ƙwallo ke ƙirgawa. Sharaɗin farko shi ya fi cin lokaci, don shafukan intanet da yawa daga bakin juna suke ɗauka. Sai ka ga magana a wuri goma ka ɗauka shaidu goma ne, ashe mutum ɗaya ne ya faɗa sauran suka amsa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yawan shafukan da suka zauna fayau babu ko ɗigo. An haife shi ran 9 ga Yuni 1978 a Opole ta ƙasar Poland. Mahaifinsa Josef ɗan ƙwallo ne, har ya buga wa Auxerre a Faransa, mahaifiyarsa Barbara kuma ta buga wa Poland ƙwallon hannu. A 1986 iyalin suka koma Jamus suka zauna a Kusel, yana ɗan shekara takwas, Jamusancin bakinsa bai wuce kalma biyu ba. Daga nan sai ƙungiyar ƙauye, Blaubach-Diedelkopf, can ƙasan matakan lig ɗin Jamus, yana wasa yana koyon aikin kafinta. Babu babbar ƙungiyar da ta ɗauke shi tun yana yaro ta raine shi, bai kuma bi ta tawagogin matasan Jamus ba. Na tsaya a shafin 1998 na daɗe ina kallonsa. A shekarar ce Michael Owen, wanda Klose ya girma da shekara ɗaya da rabi, ya ci Ajantina ƙwallon nan a Faransa duniya ta ɗauka. Ronaldo na Brazil kuwa ya riga ya karɓi Ballon d'Or tun 1997. Shi Klose a lokacin ne ma ya samu ya koma Homburg, yana shekara 20. A 1999 Kaiserslautern ta ɗauke shi, nan ma ƙungiyarta ta biyu, sai a Afrilun 2000 Otto Rehhagel ya sa shi a wasansa na farko na Bundesliga.

Daga nan biro ya samu aiki. Kakar 2000/2001 ƙwallo 9 a lig, wadda ta biyo bayanta 16. Gefen dama ya buɗe ran 24 ga Maris 2001. Kafin nan kocin Poland, Jerzy Engel, ya yi tattaki har Jamus don ya shawo kansa ya buga wa ƙasar haihuwarsa, bai dace ba. Kocin Jamus Rudi Völler ya sako shi daga benci a wasa da Albaniya a Leverkusen ana 1-1, saura minti biyu a tashi ya ci ta biyu. Kwana huɗu bayan nan a Atina ya sake shigowa daga benci ya ci Girka.

Cike lambobin ya ɗauke ni kamar mako guda. Gefen hagu a Bundesliga ya tashi 44 a Kaiserslautern, 53 a Werder Bremen, 24 a Bayern Munich, wato 121 a wasa 307, sai sama da 50 a Serie A da Lazio. Lambobi ne na ɗan gaba mai kyau, amma ba irin waɗanda ke kai mutum sahun farko ba, in ka tuna Gerd Müller shi kaɗai yana da 365 a Bundesliga. Gefen dama kuwa wasa 137 ne, ƙwallo 71, babu Bajamushen da ya ci wa ƙasarsa kamar haka. Sai na koma kan bidiyo, na jera ƙwallaye 16 na kofin duniya na kalle su a zama ɗaya. Gaskiya ran nan jikina ya yi sanyi. Babu wadda ya ɗirko daga nesa, babu bugun tazara, babu ko fenariti ɗaya, babu inda ya ja ƙwallo daga tsakiyar fili ya ratsa mutane. Duka a cikin da'irar gola aka ci su, da yawa ma a gaban hancin golan. Biyar ɗin 2002 duk da ka ne: uku a ragar Saudiyya ranar da aka tashi 8-0 a Sapporo, ɗaya Ailan, ɗaya Kamaru. In dai haka za a kalla, yaron bai yi ƙarya ba.

Kwana biyu ban taɓa littafin ba. Abin da ya dawo da ni wata tambaya ce mai sauƙi: in dai tsintuwa ce, me ya sa kullum shi ne ke tsinta? A da'irar nan akwai 'yan baya uku ko huɗu, ƙarti waɗanda aikinsu ke nan su hana, akwai gola, akwai abokan wasansa da su ma suke son ci. Sai na gane matsalar a wurin kallona take. Idona ƙwallo yake bi kamar yadda kyamara ke bi, ita kuma ƙwallon sai a daƙiƙar ƙarshe take haɗuwa da shi. Na sauya tsari. Na bar gajerun bidiyoyin da ake yankowa na nemi dogaye, inda aka samu ma cikakken wasa. Kowace ƙwallo sai in mayar da ita baya daƙiƙa shida ko bakwai, in rage gudun hoton, in sa yatsa in rufe ƙwallon a fuskar kwamfuta, in kafa wa mai lamba 11 ido shi kaɗai. Wata sai na maimaita sau goma. A gefen shafi ina zana da'irar gola, in ɗiga inda ya tsaya da fari, in ja kibiya zuwa inda ya ƙare.

Wadda ta fara buɗe min ido ita ce ta Ajantina a Berlin, 30 ga Yuni 2006, wasan kwata fainal. Roberto Ayala ya ci Jamus da ka jim kaɗan da dawowa hutun rabin lokaci, lokaci na ta tafiya, har saura minti goma. Michael Ballack ya ɗago ƙwallo daga hagu. Ba kan Klose ta sauka ba, kan Tim Borowski ta sauka, shi kuma ya goga mata kai ta wuce. A kallon farko sai ka ce daga sama ta faɗo wa Klose. Da na rufe ta da yatsa sai na ga tun tana iska, shi ya riga ya kama hanyar wurin da za ta faɗa in an goga ta. Ɗan bayan da ke gadinsa ƙwallo yake kallo, shi fili yake kallo. Taki ɗaya ko biyu ne tsakaninsu, kuma su suka isa. Ya sa mata kai ta tafi kusurwar raga, Leo Franco da ya canji golan Ajantina bai iya komai ba, aka je fenariti Jamus ta wuce 4-2. Da Borowski bai taɓa ba, gudun nan ya tashi a banza, babu kuma wanda zai tuna an yi shi. Da na zauna da cikakken wasan ina ƙirga irin wannan gudu da bai haifar da komai ba, sai na ga ya ninka wanda ya yi amfani sau da yawa. Ya tafi ƙwallo ba ta zo ba, ya dawo, ya sake tafiya. Wannan ɓangaren ne almakashin masu yanka bidiyo ke zubarwa.

Ta Ingila a Bloemfontein, 27 ga Yuni 2010, wani darasi ne daban, domin a nan ƙarfi ne da naci. Golan Jamus Manuel Neuer ya ajiye ya buga daga gidansa, doguwa, ta wuce tsakiyar fili, ta wuce John Terry, ta yi tsalle. Babu ɗan Jamus ko ɗaya da ya taɓa ta tsakanin Neuer da Klose. Matthew Upson na manne da shi yana ja yana turewa. 'Yan gaba da yawa a nan zubewa za su yi su ɗaga hannu suna jiran alƙali ya busa. Klose ya sa kafaɗa ya tokare shi, ya ƙi faɗuwa sai da ƙwallon ta zo daidai, sannan ya zame ya miƙa ƙafar dama ya tsikare ta ta gefen David James. Taɓawa ɗaya tak. Abin da na yi ta mayarwa ina kallo shi ne lokacin da ya saki jikinsa, domin faɗuwar ita ce bugun, da ya yi ta da wuri ko ya makara da ta wuce shi. Yana shekara 32 a lokacin, kuma wasan da ya gabaci wannan bai buga ba, saboda jan katin da aka ba shi a wasan Sabiya.

Sabon tsarin ya kama min kuskure ma. A jerin farko na rubuta cewa ƙwallonsa ta biyu a ragar Kosta Rika, ranar buɗe gasar 2006 a Munich, wadda ta zo daidai da ranar da ya cika shekara 28, da ka ya ci ta. Haka take zaune a kaina shekara da shekaru. Da na rage gudu sai na ga lallai da ka ya fara bugawa daga ƙwallon da Philipp Lahm ya ɗago, amma gola ya tare ta dawo, shi ne kuma ya riga kowa isa ya ƙarasa da ƙafa. Na soke na gyara, waɗanda ya ci da ka suka tsaya 7 cikin 16. Gyaran ya fi min lambar amfani, don ya nuna min wata ɗabi'a tasa: mutumin ba ya tsayawa kallon abin da ya buga. Kafin ya san ta shiga ko ba ta shiga ba, ƙafarsa ta riga ta bi bayanta.

Inda aikin ya cije min shi ne shafukan Bayern. Ya je can a 2007, shekarar da aka kawo Luca Toni da Franck Ribéry, ya ci 10 a lig a kakar farko, 10 a ta biyu, sun kuma haɗa lig da kofin Jamus a 2008. Sai shafin 2009/2010, gefen hagu 3. Uku kacal a kaka guda. Na ɗauka kuskure ne, na koma na duba wuri uku, ashe haka ne. A shafin nan dai, gefen dama, ga ƙwallo 4 a Afirka ta Kudu cikin mako uku: ɗaya Ostireliya, waccan ta Ingila, sai biyu a ragar Ajantina a Cape Town ranar da ya buga wa Jamus wasa na 100. Shafi na gaba ya fi ɗaure kai, 1 a hagu, a dama kuwa yana ta zuba su a wasannin neman gurbin gasar Turai ta 2012, inda ya ƙare da 9. Mutumin nan dai ne, ƙafar nan dai ce, a watannin nan dai. A nan ne mutane ke cewa wai rigar ƙasa ce ke tsuma shi, ta ƙungiya ba ta dame shi ba. Ban yarda da wannan ba, domin shafin 2005/2006 yana gabana. Ya ci wa Bremen 25 a wasa 26, ya fi kowa a Bundesliga, a ƙarshen kakar ya ɗauki takalmin zinare na kofin duniya da 5, aka kuma zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Jamus na 2006. Wanda ƙungiya ba ta dame shi ba ba ya cin 25.

Dole na ƙara layi na uku, na matse shi a bakin shafi: da shi aka fara ko daga benci ya shigo, kuma wa ya ba shi ƙwallon. Wannan ya mayar da ni baya na sake bin shafuka da yawa, ya ci min wani makon. Amma a nan ƙullin ya warware. Louis van Gaal da ya karɓi Bayern a 2009 yana da Ivica Olić da Mario Gómez da matashi Thomas Müller, sai Klose ya koma mai jiran canji. Ko a wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai da Inter ta doke su 2-0 a Madrid a 2010, daga benci ya shigo. Kocin Jamus Joachim Löw kuwa ya tsayar da shi shi kaɗai a gaba, ya jera masa Mesut Özil da Müller da Lukas Podolski a baya, bai duba abin da ya ci a ƙungiya ba. Na san ya sha cin ƙwallo daga benci, Albaniya da Girka shaida ne, amma ƙwallo ɗaya daban, kaka guda daban. Ɗan gaban da sana'arsa gudu ne yana buƙatar minti mai yawa, tunda yawancin gudun a banza yake tafiya, yana kuma buƙatar mutanen da suka san inda zai nufa kafin ya nufa. A ganina Löw ya fahimci wannan, kuma rabin gefen dama na littafina amanar da ya ba shi ce.

Layin nan na uku ya nuna min wasu abubuwa da ban je nema ba. Na farko, layin da na ja a tsakiyar shafi ba katanga ba ce. Borowski da ya goga masa ƙwallon Ajantina abokin wasansa ne a Bremen, kullum tare suke atisaye a hannun Thomas Schaaf. Lahm da ya ɗago masa ta Ostireliya a Durban, da Müller da ya faro ta farkon Ajantina a Cape Town yana kwance a ƙasa, 'yan Bayern ne. Wato watannin da na rubuta masa 3 ina ganin asara ce, a cikinsu ne yake fita filin atisaye da mutanen da za su ba shi ƙwallo a rigar ƙasa. Na biyu, da na fara lura da masu bayarwa sai na riƙa cin karo da sunansa a wurin. A wasan Kamaru na 2002, Jamus na da mutum goma bayan an kori Carsten Ramelow, Klose ne ya riƙe ƙwallo a tsakiyar 'yan Kamaru ya zura wa Marco Bode ya ci ta farko. A 2006 da Siwidin, biyun da Podolski ya ci cikin minti 12 na farko duk ta wurinsa suka biyo.

A 2011 kwantaraginsa ya ƙare ya tafi Lazio kyauta, yana shekara 33, shekarun da ake cewa ɗan gaba ya fara haɗa kaya. Shafukan Italiya sun fi na ƙarshen zamansa a Munich daɗin rubutawa. A Oktoban 2011 ya ci Roma a minti na 93 a wasan hamayyar birnin, aka tashi 2-1. Ran 5 ga Mayu 2013 ya zuba wa Bologna biyar shi kaɗai, mako uku bayan nan Lazio ta doke Roma 1-0 ta ɗauki kofin Italiya. Ya zauna har 2016, a shekarar kuma ya rataye takalmi.

Akwai abu biyu da suka ƙi shiga kowane layi, sai a ƙasan shafi na rubuta su da jan biro. A Afrilun 2005 Bremen na wasa da Arminia Bielefeld, ba a ci kowa ba, alƙali ya ba da fenariti ya ce gola ya kayar da shi. Klose ya je ya gaya wa alƙalin cewa golan ƙwallo ya fara taɓawa, aka janye bugun. A Satumban 2012 kuma a gidan Napoli ƙwallo ta taɓa hannunsa ta shiga, alƙali ya ba da ci, 'yan Napoli suka yi ca, shi kuma ya amsa cewa hannu ne, aka soke. Lazio ta sha kashi 3-0 ran nan. A lissafi waɗannan ragi ne, amma na fi son ganinsu a littafin da a ce lambar ta ƙaru.

Shafin 2014 da gangan na bar shi sai ƙarshe. Ran 6 ga Yuni, a wasan share fage da Armeniya a Mainz, ya ci wa Jamus ta 69 ya wuce Gerd Müller. Ya je Brazil da 14 a kofin duniya, yana shekara 36, amma wasan farko da Portugal bai taka fili ba. A wasa na biyu a Fortaleza Ghana ta juya wasa, André Ayew ya farke, Asamoah Gyan ya ƙara, 2-1. Löw ya sako shi a minti na 69. Aka samu bugun kusurwa, Toni Kroos ya ɗago, Benedikt Höwedes ya goga da ka, ƙwallon na neman wuce turken nesa, sai ga ƙafar Klose a ƙasa. Bai fi minti biyu da shiga fili ba. Zanen da na yi wa wannan ƙwallo na ajiye shi kusa da na Ajantina na 2006 na ga abu ɗaya ne: wani ya goga, shi ya riga ya tafi inda za ta sauka, shekara takwas tsakani. Ya yi alkafurar da ya saba, sai dai wannan karon saukar ba ta zo daidai ba, jiki ya fara nauyi.

Sai Belo Horizonte, 8 ga Yuli. Kowa na tuna 7-1 da Jamus ta yi wa Brazil, kaɗan ne ke tuna yadda ta biyu ta shiga. Minti na 23, Kroos ya zura wa Müller a cikin da'ira, Müller ya bar wa Klose, ya buga, Júlio César ya tare. Ɗabi'ar ranar Kosta Rika ta dawo. Bai kama kai ba, bai tsaya ba, ƙwallon na dawowa ya sake ɗirka mata. Ta 16 ke nan, wadda ta wuce 15 ɗin Ronaldo, a ragar Brazil, a ƙasar Ronaldo, shi Ronaldon kuma yana cikin filin yana sharhi a talabijin. Na juya baya zuwa shafin 2002 na duba inda na rubuta Yokohama, 30 ga Yuni, Brazil 2 Jamus 0, duka biyun na Ronaldo, Klose na cikin waɗanda suka sha kashin. Ran 13 ga Yuli, wasan ƙarshe a Maracanã, da shi aka fara, a minti na 88 ya fita Mario Götze ya shigo, Götze ɗin ne kuma ya ci Ajantina a minti na 113. Wata guda bayan nan ya ajiye rigar ƙasa, na ja layi a ƙarƙashin gefen dama.

Na ware shafi guda a ƙarshe don abin da ke goyon bayan yaron, domin in na ɓoye shi aikin ya zama na son rai. Cikin 16 ɗin nan 11 a wasannin rukuni ne, 5 ne kawai a zagayen sili ɗaya ƙwale. A 2002 tunda aka fita daga rukuni bai ƙara ci ba. Ya buga wa Jamus wasan ƙarshe uku, na 2002 da na gasar Turai ta 2008 da na 2014, bai ci a ko ɗaya ba. A wasa 24 ya tara 16 ɗinsa, Ronaldo ya tara 15 a wasa 19, Just Fontaine na Faransa kuwa 13 a wasa 6 kacal a 1958. Gerd Müller a wasa 62 ya ci 68, Klose sai da ya buga fiye da ninki biyu kafin ya wuce shi. Duk da biro na rubuta su. A ƙasan shafin na ƙara layi biyu daga ɗaya ɓangaren: ya kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya huɗu a jere, kuma Jamus ba ta taɓa shan kashi ba a wasan da ya ci ƙwallo.

Bayan kusan wata guda na kira ɗan yayata na miƙa masa littafin. Da shafin ƙarshe ya fara, ya ɗago yana murmushi. "Ka gani ko, Kawu? Da hannunka ka rubuta." Na ce, "Na rubuta, ɗana. Yanzu matso, kawo yatsanka." Na kunna masa ta Ghana, na ɗora yatsansa a kan ƙwallon, na ce kada ya kalli kowa sai mai lamba 11. Ya kalla sau ɗaya ya yi shiru, ya ce in mayar. A karo na uku shi da kansa ya karɓi linzamin kwamfutar ya tsayar da hoton daidai lokacin da ƙwallon ke kan Höwedes, ya nuna inda Klose yake ya ce, "Ai ya riga ya tafi." Sannan ya ce shi fa har gobe Ronaldo ya fi. Na ce ban taɓa cewa bai fi ba, ba kuma a kan wannan muka faro ba.

Ya tafi da littafin ya kwana biyu a wurinsa. Da ya dawo da shi na tarar ya yi alama da fensir a shafin 2008/2009, gefen dama, inda na rubuta Helsinki, Finlan 3 Jamus 3, duka ukun na Klose, sau uku Finlan na shiga gaba sau uku yana farkewa. A gefe ya rubuta, "Kawu, waɗannan ba ka zana su ba." Gaskiyarsa, 16 kawai na zana. Saura 55, na Helsinki kuma su na fara nema.